Abin da na'urar awo ke ji a ƙasar Zamfara da Kebbi, da abin da ba ta ji

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun Gusau da Anka da Zuru da Yawuri, wai Turawa da 'yan Chaina suna da na'urar da ke hango duk abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa tun daga sama, har ta faɗi ko tan nawa ne. Da zarar an ga baƙi sun sauka a wani ƙauye da ɗan akwati rataye a kafaɗa, ko an ji ƙugin ƙaramin jirgi yana kai-komo ƙasa-ƙasa a kan daji, sai ka ji an ce shi ke nan, an gano. Maganar tana da tushe, sai dai an yi mata ƙari mai yawa, kuma ƙarin ne ke cutar da mu. Wani zai kwashi kuɗin shanunsa ya zuba a ramin da ba komai a cikinsa don an ce na'ura ta yi kuka a wurin. Wani kuma zai dangwala yatsa a takardar amincewa bai san abin da mai takardar ya riga ya sani game da gonarsa ba. Alhali yadda awon ke aiki bai fi ƙarfin fahimtar kowa ba.

Tushen abin shi ne, duwatsu da ƙasar da muke takawa suna fitar da radiyeshan da kansu, ba tare da ɗan Adam ya sa hannu ba. Wani irin haske ne mai ratsa abubuwa, ido ba ya ganinsa, jiki ba ya jinsa, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wani Bafaranshe mai suna Henri Becquerel ne ya fara lura da shi a 1896. Kusan duk wanda ke tasowa daga ƙasa daga sinadarai uku yake fitowa: fotasiyam, yuraniyam da toriyam. A cikinsu akwai ƙwayoyin zarra marasa natsuwa, waɗanda ke rushewa a hankali suna rikiɗa zuwa wani abu dabam, kuma a cikin rikiɗar ne ake sakin hasken da ake kira gama. Rushewar tana da jinkiri ƙwarai. Kafin rabin yuraniyam ya ƙare sai an yi shekara biliyan 4.5, toriyam kuwa biliyan 14, nau'in fotasiyam mai fitar da hasken kuma biliyan 1.25. Shi ya sa dutsen da ya daskare tun kafin a san akwai mutane a doron ƙasa har yau bai daina ba.

Kuma babu inda babu su. A matsakaici, tan guda na dutse yana ɗauke da fotasiyam kusan kilo 20, toriyam wajen giram 10, yuraniyam giram 2 zuwa 3. Fotasiyam ɗin ma ba baƙo ba ne a gidan manomi. Shi ne harafin K da ke jikin buhun takin NPK, yana cikin tokar murhu, yana cikin tsokar kowane mutum. In aka jingina na'ura mai kyau a jikin tarin buhunan taki a shago, za ta nuna ƙari. Don haka motsin na'ura shi kaɗai ba labari ba ne. Abin tambaya shi ne, wanne daga cikin ukun nan ne ya motsa ta, kuma da nawa wurin ya ɗara maƙwabtansa.

Zuciyar na'urar wani dunƙule ne mai kama da gilashi, wanda ake haɗawa a masana'anta daga sodiyam da aidin. Duk lokacin da hasken gama ya faɗa cikinsa sai ya yi wata 'yar walƙiya, wani bututu ya mayar da walƙiyar lantarki, kwamfuta ta ƙirga. Ba ƙirga kawai take yi ba, tana auna ƙarfin kowace walƙiya, kuma a nan ne dabarar take, domin kowanne cikin sinadaran uku da nasa ƙarfin. A ma'aunin da ake kira MeV, na fotasiyam yana faɗawa a kan 1.46, na dangin yuraniyam a kan 1.76, na dangin toriyam a kan 2.62. Da haka ake ware su, a ce wannan wuri yana da fotasiyam kashi kaza cikin ɗari, toriyam giram kaza a tan. Tsohuwar na'urar Geiger mai ƙas-ƙas ba ta iya wannan rarrabewa, jimilla kawai take bayarwa. Ita kuwa na'urar da masu neman zinare ke sharar ƙasa da ita, mai faifai a ƙarshen sanda, wata aba ce dabam: ƙarfe take ji ta hanyar maganaɗisu, ba ruwanta da radiyeshan.

To me ya haɗa wannan awo da ma'adanan da duniya ke rububi a kansu yanzu? Sinadarai ne 17 'yan gida ɗaya da ake kira ma'adanai masu wuyar samu, irin su siriyam, lantanam, niyodimiyam, disfurosiyam da itiriyam. Da niyodimiyam ake yin maganaɗisu mafi ƙarfi da ake amfani da shi a yau, wanda ke cikin lasifikar wayar hannu, da injin motar lantarki, da fankar samar da wuta daga iska, da kayan yaƙi na zamani. Chaina ce ke haƙo kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa, ita ke tace kusan kashi 90. A 2010 ta tsuke fitar da su zuwa Japan, a watan Afrilun 2025 kuma ta sa takunkumi kan fitar da bakwai daga cikinsu. Wannan ne ya sa Amurka da Turai da Japan suka bazama neman wasu wuraren, har idonsu ya kai Afirka. Sinadaran kansu suna warwatse ko'ina, siriyam ma ya fi tagulla yawa a ɓawon ƙasa. Wahalar ita ce samun inda suka taru har haƙarsu ta biya kuɗinta.

Yawancinsu ba sa fitar da hasken da na'ura za ta kama. Sai dai Allah ya haɗa su tafiya da toriyam. Lokacin da narkakken dutse ke sanyi a cikin ƙasa, su da toriyam sukan shige cikin ma'adini guda, domin girman ƙwayoyinsu ya yi kusa da juna. Mafi shahara a irin waɗannan ma'adinai shi ne monazayit, ƙananan ƙwayoyi masu launin zuma ko ja-ja, masu nauyi, waɗanda sau da yawa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsu toriyam ne. Kwatanta wannan da giram 10 a tan na dutsen gama-gari, za ka ga dalilin da 'yar barbaɗar monazayit a cikin yashi ke ɗaga awo nan take. Toriyam a nan kamar balbela yake: in ka hango farinta a nesa, akwai yiwuwar garken shanu na kusa, amma takan sauka a fadama ko babu saniya ko ɗaya, kuma ko da shanun na nan, ganin balbela ba ya faɗa maka ko kai nawa ne.

An taɓa dacewa ta wannan hanya. A 1949 wasu masu neman yuraniyam a hamadar Kalifoniya ta Amurka suka ji na'urarsu ta Geiger tana kuka a wani tudu da ake kira Mountain Pass. Da aka kai samfurin ɗakin gwaji, sai aka tarar ba yuraniyam ne mai yawa ba, taron waɗannan ma'adanai ne masu wuyar samu, da ɗan toriyam a tare. Wurin ya riƙe kasuwar duniya shekaru da dama, har yau ana haƙa a can. Amma a lura, ɗakin gwaji ne ya faɗi abin da ke cikin dutsen. Akwai kuma akasin haka: a kudancin Chaina ana samun mafi tsadar waɗannan sinadarai manne a jikin yumɓu, kuma irin wannan yumɓu radiyeshan ɗinsa kaɗan ne, jirgi zai iya wucewa ta kansa bai lura ba.

Iyakar da ta fi kowace muhimmanci ita ce zurfi. Ƙasa da kanta tana shanye hasken gama, don haka kusan duk abin da na'ura ke ji daga sama yana fitowa ne daga santimita 30 zuwa 45 na farko, wato bai kai kamu guda ba. Abin da ke mita goma a ƙasa, komai yawansa, ba ta jinsa, sai in ya leƙo waje ko zaizaya ta watso ɓurɓushinsa sama. Ruwa ma yana tare shi, shi ya sa tafkin Kainji da madatsar Bakolori ke fitowa baƙi ƙirin a irin wannan taswira. Iska kanta tana cinye kusan rabinsa a cikin mita ɗari da 'yan kai, dalilin da ya sa dole jirgin awo ya yi ƙasa sosai, kuma dalilin da ya sa tauraron ɗan Adam ba ya iya wannan awo ko kaɗan. Duk wanda ya ce maka tauraro ya auna masa yuraniyam ko toriyam a gonarka, ka san maganarsa ba ta zauna ba.

An riga an yi wa Najeriya irin wannan awo daga sama. Tsakanin 2003 da 2010 Hukumar Binciken Ma'adanai ta Ƙasa, NGSA, tare da tallafin Bankin Duniya, ta sa kamfanin Fugro ya yi shawagi a kan mafi yawan ƙasar, har da Zamfara da Kebbi. Jirgin yana tafiya kusan mita 80 daga ƙasa, a kan layuka miƙaƙƙu masu tazarar mita 500 tsakaninsu, yana ɗauke da na'urar gama da ta maganaɗisu a tare. Kowace daƙiƙa yana ɗaukar awo ɗaya, a daƙiƙar kuwa ya ci mita 60 zuwa 70. Ma'ana, kowane ɗigo a taswirar matsakaicin fili ne mai faɗin gonaki da yawa. Jijiyar dutse mai faɗin taku goma da ta faɗa tsakanin layi da layi za ta iya ɓacewa gaba ɗaya. Daga nan ake fitar da taswira mai launi uku: ja na fotasiyam, kore na toriyam, shuɗi na yuraniyam. Inda ukun suka yi yawa sai wurin ya yi fari, inda suka yi ƙaranci ya yi duhu.

Wanda ya san ƙasar nan da ƙafa zai gane taswirar da wuri, domin abin da take zanawa shi ne bambancin da manomi ya riga ya sani. Gabashi da kudancin Zamfara, da kudu maso gabashin Kebbi wajen Zuru da Yawuri da Ngaski, suna zaune ne a kan tsofaffin duwatsun tushe. A ciki akwai dogayen zirara na dutse mai ɓarewa falle-falle, waɗanda masana suka raɗa wa sunayen Anka, Maru da Zuru, kuma a jikinsu ne zinaren yankin yake. A tsakaninsu dutsen giranit ya kutso kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, irin wanda ya miƙe a Kwatarkwashi da Tsafe. In ka fasa ɓallin irin wannan dutse ka duba da kyau, za ka ga ƙwayoyi ja-ja ko farare masu sheƙi kamar an goge su, waɗannan su ne ma'ajiyar fotasiyam, ga na ƙanƙara masu kama da gilashi, ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo. Giranit tsirara yakan fito da haske a taswira, kuma wannan halinsa ne kawai, ba shaidar arziki ba. Yammacin Kebbi kuwa, Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu, da gefen arewa maso yammacin Zamfara, shimfiɗaɗɗen yashi da laka da farar ƙasa ne na kwarin Sakkwato, waɗanda suka binne tsohon dutsen a ƙasa. A can awon yakan yi sanyi, sai inda wani abu ya tara yuraniyam ko toriyam a sama.

Babban tarkon da ke kama marasa gogewa a ƙasarmu shi ne marmara. Ruwan sama na dubban shekaru yana wanke fotasiyam daga dutse ya tafi da shi, yuraniyam ma yakan narke ya bi ruwa. Toriyam kuwa ba ya motsi, sai ya zauna tare da tsatsar ƙarfen da ke zama jan marmara a kan tudu. Sakamakon haka, shimfiɗar marmara takan fito kore shar a taswira, kamar an sami taron toriyam, alhali abin da ya faru shi ne sauran sun tafi sun bar shi. Mai gaggawa zai zagaye wurin da jan biro ya ce ga ma'adini. Mai sani zai fara tambaya ko tudun marmara ne, ya je ya duba.

Inda ya fi cancantar a tsaya a duba shi ne yashin gulbi. Monazayit ya kusa ninka yashin gama-gari nauyi, kuma ba ya ruɓewa da wuri. Idan giranit ya ruɓe, damina ta kwashe shi zuwa rafuka, sai ƙwayoyi masu nauyi su kwanta a kwanar ruwa da bayan manyan duwatsu, daidai inda zinare ke kwanciya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai wankin zinare ya ga abin da nake nufi: yana juya kwano a cikin ruwa, farin yashi na zubewa ta baki, har ya rage wani baƙin yashi mai nauyi a gindi, wanda yake tsintar ƙyallin zinare a ciki ya watsar da saura. A cikin wannan saura da ake watsarwa ne ma'adinai masu nauyi ke taruwa, baƙin ƙarfe da zarkon, da monazayit in dutsen yankin yana da shi. Layin kore da ya bi kwarin rafi a taswira yakan zama alamar haka, kuma bin rafin zuwa sama kan kai mai bincike ga dutsen da ya haife shi.

Yanayi ma yana da nasa tasirin, kuma ya fi taɓa awon yuraniyam. Yuraniyam da kansa ba ya fitar da hasken da ake kamawa. Ana auna wani jikansa ne na can ƙasa a jerin rikiɗar, bismat, kuma kafin a kai gare shi sai an bi ta radon, wanda iska ce mai iya sulalewa daga ƙasa, rabinta kuma na ƙarewa cikin kwana 3.8. Da sanyin safiya a lokacin hunturu, iska kan kwanta ƙasa ta tara radon, sai awo ya hau ba dalili. Bayan ruwan sama ma yakan hau na 'yan sa'o'i, domin ruwan ya wanko 'ya'yan radon daga sama, sannan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta danne awon sauran. Saboda haka aikin na rani ne, kuma jirgin kan ɗauki wata na'ura mai kallon sama don a cire abin da ke cikin iska. Awon toriyam ya fi amana, sa'ar da aka yi kuma shi ne ake bi wajen neman monazayit.

Zinare da dalma da litiyam duk ba sa fitar da wannan haske. Amma awon yana taimakawa ta bayan gida. Ruwan zafin da ya ɗauko zinare daga can ƙasa ya zuba shi a tsagogin dutse yakan bar fotasiyam mai yawa a gefen tsagar, ba tare da ya ƙara toriyam ba. Don haka masu bincike kan kwatanta awon fotasiyam da na toriyam, inda fotasiyam ya yi fintinkau a kan wata tsaga da na'urar maganaɗisu ta nuna, sai su sa alama. Litiyam irin wanda ya ja hankalin jama'a zuwa Libata a ƙaramar hukumar Ngaski yana zama ne a cikin jijiyoyin giranit masu manyan ƙwayoyi, kuma irin waɗannan jijiyoyi kan zo da fotasiyam, wani lokaci da ma'adinin tantalayit mai ɗan yuraniyam. Alamar tana da rauni, ga jijiyoyin sirara, don haka aikin ƙafa ya fi na jirgi amfani a nan. Masu cewa tunda Nijar na haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971 dole akwai irinsa a Kebbi, gaskiya ne kwarin Sakkwato reshe ne na babban kwarin da ya ratsa Nijar, amma shimfiɗun dutsen Arlit sun girmi namu da nisa, maƙwabtaka kaɗai ba ta isa hujja ba.

Bayan taswira, sai ƙafa. Mutum zai bi layi da na'urar hannu, ya ajiye ta a ƙasa minti biyu zuwa biyar a kowane zango, ya rubuta awo da wurin. Sai a ɗebi dutse da ƙasa da yashin rafi a kai ɗakin gwaji, irin na NGSA da ke Kaduna, ko Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004. A can ne za a san ko akwai niyodimiyam, kuma nawa. Dutsen gama-gari yana da waɗannan sinadarai giram 150 zuwa 200 a tan, na Mountain Pass kuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ne, wato kilo 60 zuwa 80. Tsakanin "akwai" da "ya isa a haƙa" tafiya ce mai nisa. In gwajin ya yi kyau, sai a tona ramuka, sannan a kawo injin huda ƙasa a zaro sandunan dutse daga zurfi, rami bayan rami, kafin wani mai gaskiya ya iya faɗin adadin tan. Wannan aikin shekaru ne da kuɗi masu yawa, kuma galibin wuraren da suka yi haske a taswira a hanya suke faɗuwa.

A nan ne matsalar tsaro ta yi mana illar da ba a cika ambata ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta hana shawagin jirage a sararin jihar a watan Maris na 2021, sai a Disambar 2024 aka ɗage haramcin haƙar. Dazuzzukan Anka da Maru da Ɗansadau, inda ya fi kamata a bi da na'urar hannu, su ne inda malamin jami'a da ɗalibansa ba za su iya shiga ba. Sai ya zama taswirar sama tana nan, tabbatarwar ƙasa ta tsaya, jita-jita ta cike gurbin. Bayanan awon kuwa ba asiri ba ne, NGSA tana sayar da su fallen taswira bayan falle, ɗaliban kimiyyar ƙasa suna rubuta kundin digiri da su. A ganina, gwamnatocin jihohin biyu sun isa su sa jami'o'in Gusau da Birnin Kebbi da Aliero su fassara wa kowace masarauta abin da taswirar yankinta ke cewa, da Hausa. Tsarin mulkin 1999 ya ba tarayya mallakar ma'adinai, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta ba mai lasisin bincike damar riƙe fili har murabba'in kilomita 200 na shekara uku, ana iya sabuntawa. Amma dokar ta buƙaci amincewar masu ƙasa, ta kuma wajabta yarjejeniyar raya al'umma kafin a fara haƙa. Uban ƙasa ko mai garin da zai zauna wannan zama ya kamata ya shiga da sanin abin da ɗaya ɓangaren ya gani.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. Tafiya ko noma a kan ƙasar da awonta ya ɗan hau ba abin tayar da hankali ba ne. A ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha, wanda ake kira milisibat, mutum a duniya a matsakaici yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin samaniya, kuma a gaɓar Kerala ta Indiya mutane sun yi zuriya bayan zuriya a kan yashin monazayit. Haɗarin yana farawa ne idan aka tace yashin aka tara shi. Buhunan monazayit da aka jibge a ɗakin kwana suna haska mai ɗakin dare da rana, suna kuma sakin iskar radon a rufaffen wuri, radon kuwa shi ne na biyu bayan taba wajen haddasa sankarar huhu, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. In aka niƙa shi a bushe, ƙurar da aka shaƙa tana zama a huhu tana aiki daga ciki, ba ta da wari, ba ta sa tari nan take, sai bayan shekaru.

Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin abin da ke faruwa idan dutsen haƙa ya shigo tsakar gida ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga Bagega ma abin ya kai. Dutsen zinaren da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje yana cike da dalma, yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Na'urar radiyeshan ba za ta yi gargaɗi a kan wannan ba, domin dalma ba ta motsa ta. Amma hanyar da gubar ta bi ita ce dai wadda ƙurar monazayit za ta bi: turmi, injin niƙa, tabarma, hannun yaro mai rarrafe. A Filato, inda aka yi shekaru ana haƙar kuza da kwalambayit, tarin sharar wankin da aka bari yana ɗauke da monazayit da zarkon, kuma awon da aka sha yi ya nuna radiyeshan ɗinsa ya ɗara na ƙasar da ke kewaye nesa ba kusa ba. A Bukit Merah ta Malesiya, wata masana'antar tace monazayit da aka buɗe a 1982 ta bar sharar toriyam kusa da gari, mazauna suka kai ƙara kan cutar sankarar jini da haihuwar yara da naƙasa, aka rufe ta a 1994, kwashe sharar kuma ya ci kimanin dala miliyan 100.

Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke da alhakin sa ido kan irin wannan kaya, kuma ƙa'idar duniya ita ce kada wani aiki ya ƙara wa mutumin gari fiye da milisibat 1 a shekara, ma'aikaci kuma kada ya wuce 20. Amma hukumar da ke Abuja ba za ta san dillali ya fara sayen baƙin yashi a kasuwar ƙauye ba sai an gaya mata. Duk inda aka ga an fara sayen saurar wankin zinare buhu-buhu, ya kamata mai gari ya tambayi me ake nema a ciki, a nemi wanda zai ɗora na'ura a kan buhun, a hana ajiye shi inda ake kwana, a hana niƙa shi a bushe ko yin yaɓe da shi. Kafin kuma wani kamfani ya sa diga a ƙasa, al'umma ta nemi a auna rijiyoyinta da gonakinta da tsakar gidajenta, a rubuta sakamakon da kwanan wata, kwafi ɗaya a fadar uban ƙasa, ɗaya a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. In bayan shekara goma ruwan rijiya ya canja, wannan takardar ce kaɗai za ta nuna yadda yake kafin a fara haƙa.